Takabar da Na Hana Kulu

Na san abin da kuka taso kuna ji a gidan nan game da Kulu, matar ƙanena Manu. An ce muku ta kwashe kayanta ta koma garinsu a tsallaken iyaka tun jaririnta bai yi ƙwari ba, ta bar tsohuwa da kuka, ta manta da alherin da aka yi mata. Har yau akwai matan da in an ambace ta sai su taɓe baki. To, ku ajiye wannan a gefe. Ni na san yadda aka yi, domin ni na yi, kuma tun da ƙafafuna sun fara ƙin zuwa fadama, gara in rubuta kafin hannun ma ya bi sahunsu.

Manu shi ne autan Inna, ni kuwa ɗan fari. Abin da ke tsakaninmu ya fi shekara ashirin, saboda haka ban san ko in ce ƙanena ne ko ɗana ba. Ya koyi kanikanci a tashar Bagudo, hannunsa ya faɗa sosai, sai wata rana ya shigo gida da fara'a ya ce an ɗauke shi soja, sashen gyaran motoci. Inna ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwarsa ba. In ya zo hutu ba ya hutawa, duk mai mataccen injin ban-ruwa daga nan har Matsinkai sai ya kinkimo ya dire a ƙofar gidanmu, shi kuwa ya tuɓe riga ya zauna a ƙasa yana fito yana kwancewa, bai taɓa karɓar ko kwabo ba. Shi ya laƙaba mini suna Rediyo, wai in ana son magana ta zaga gari kafin la'asar, a faɗa wa Yaya Garba a ce sirri ne. Ban ji haushi ba, don bai yi ƙarya ba. Ni mutum ne mai surutu, magana ba ta kwana a cikina.

Kulu 'yar wani ƙauye ce a ɓangaren Benin, tafiyar da ba ta kai awa biyu a babur ba in babu ruwa a hanya. Shiru-shiru ce, kuma tsakanina da ita akwai kunyar wan miji. Ba ta kallon idona, ba ta zama in ina tsaye. Sau biyu tana samun ciki yana zubewa, na biyun har sai da muka kwana uku a asibiti ana ƙara mata jini. Ku riƙe wannan, domin a kansa na gina duk abin da na yi daga baya.

A hutunsa na ƙarshe Manu ya zo bayan an gama sussukar shinkafa, ya yi mako uku, aka tura su arewa maso gabas inda ake yaƙi. Wata biyu bayan haka wayarsa ta daina shiga. Na je barikinsu da kaina, aka karɓe ni da mutunci, aka ce an yi musu kwanton ɓauna, an ga gawar wasu, shi ba a gan shi ba. Da wannan kalmar na dawo gida, ba a gan shi ba, kuma da ita muka rayu. A lokacin ne uwarku ta raɗa mini cewa Kulu tana da ciki na uku.

Ana saura 'yan kwanaki a kama azumi, ina gona ina noman farko, sai na hangi wani mutum tsaye a kan kunya yana kallona. Ramamme ne ƙwarai, rigarsa kamar an rataye ta a sanda. Ya yi sallama ya ce shi Ɗanjumma ne, mutumin Lafagu, direban motar kifi. Ya tambaya ko ni ne Garba wan Manu soja. Na jingine hauya, na zauna a kan turɓaya tun bai ce komai ba.

Ya ce an tare motarsa a hanya aka shige da shi daji, aka haɗa shi da waɗanda aka kama. Can ya ji wani yana magana irin ta gida, ya juya ya ce, kai mutumin ina ne? Haka suka san juna. Manu yana da harbi a cinya, ba su kashe shi ba saboda sun gane yana gyaran mota. A zaune yake yi musu aiki da bindiga a kansa, ƙafar tana ta kumbura, babu magani sai ruwan gishiri.

"Da ruwan hwarko ya sauka zazzaɓi yak kama shi," in ji Ɗanjumma. "Kwana shidda yay yi. Ran na bakwai da hantsi yac cika, kainai bisa cinyata. Mu huɗu munka yi mai salla, munka haƙa rami da ƙarhen mota. Babu likkahwani, Malam Garba, da rigatai munka sa shi."

"Ya bar magana?"

"Yac ce in Allah ya hisshe ni in zo in iske ka. Yac ce kai za ka san yadda za ka hwaɗa ma Inna da iyalinai."

Ka ji amanar da aka ba ni. Bai ce in ɓoye ba, cewa ya yi zan san yadda zan faɗa. Amma ni a wannan lokacin ba abin da nake gani sai Kulu a gadon asibiti da ledar jini a rataye. Cikinta wata shida. Na ce a raina, Manu ya tafi, ba shi da kabarin da za a nuna, abin da ya rage nasa a duniya shi ne abin da ke cikin yarinyar nan. In na shiga gida da wannan labari ta faɗi, na binne shi sau biyu. Sai na kama hannun Ɗanjumma na roƙe shi don girman Allah ya yi shiru har ta sauka. 

"Ni dai na sauke nawa," ya ce. "Sauran naka na."

Lissafina mai sauƙi ne, kuma na ɗauka na mai hankali ne. Ta haihu lafiya, a yi suna, ta gama wankan jego, sannan in tara su in faɗa, a yi zaman makoki, ta shiga takabarta wata huɗu da kwana goma kamar kowace mace. Na ɗauka takaba kamar gona ce, in ba ka nome ta yau ba tana nan tana jiran ka gobe. Ban tambayi kowa ba. Wa zan tambaya, alhali tambayar kanta tona asiri ce?

Ana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wanda ya fara faɗin haka bai gwada riƙe mutuwa a cikinsa wata uku ba. Lafagu ba nisa gare ta ba, mutanensu suna cin kasuwa da namu, kuma mutumin da ya kuɓuta daga daji ba ya rasa masu zuwa yi masa barka. Duk ranar kasuwa sai in rasa sukuni. In na ga mata sun dawo da kwanduna sun tsaya a ƙofar gida suna magana ƙasa-ƙasa, sai in matsa kusa in ji ashe kuɗin manja suke yi wa tsegumi. Na daina zama a majalisa, don na san halin bakina. Na daina zuwa Dole Kaina sayar da albasa, na riƙa aikawa da ita, kada in haɗu da wani direba ya yi mini ta'aziyya a gaban jama'a. Abinci ya daina wucewa. Uwarku ta ɗauka ciwon shawara ne ya kama ni, ta dinga dafa mini saiwoyi ina sha, gara ɗacinsu da tambayarta.

Da ciki ya shiga wata bakwai, mahaifin Kulu ya aiko a kai ta gida goyon ciki, yadda aka saba a haihuwar fari. Na ji daɗi har cikin raina, na ce ga mafita, can tsallake labarin Lafagu ba zai kai ba. Na sa aka kira ta. Ta durƙusa daga bakin ƙofa, kanta a ƙasa, wayarta a ƙulle a gefen zane.

"Yaya, a yi mani haƙuri, ba ni tahiya."

"Don mi? Al'ada ta, kuma can kin hi samun kulawa."

"Garinmu layin ƙasag ga ba shi kamawa. Lambag ga ita ɗai ƙanenka yas sani da ka. In Allah ya sa ya samu waya ya kira, shi iske ta kashe?"

Na buɗe baki, Allah ya sani na buɗe, maganar ta zo har maƙogwaro. Sai na dubi cikin, na ce mata to, Allah ya sa mu ji alheri. Ta amsa da amin har sau uku. Daga ranar kullum ita ke ba da wayar a kai caji shagon bakin hanya, kuma ba ta yarda wayar ta wuni a can.

Sallah ƙarama ta zo, ita ce ranar da ta fi kowace nauyi a wurina. Inna ta ce ba za a zauna kamar gidan mutuwa ba alhali ba a ce an mutu ba, wannan mugun fata ne ga wanda ke hannun Allah. Ta sa aka kwaɓa lalle, ta ce Kulu ta ƙunsa, ta yi kitso, ta ɗaura atamfar da mijinta ya kawo mata a hutun ƙarshe. Da na dawo daga idi Kulu ta zo gaishe ni da kwalli rangaɗau a ido, ƙamshin turare ya riga ta shigowa. Wani abu ya ɗan sosa mini rai, na san matar mamaci ba ta ado. Amma na ce ai ba ta shiga takaba ba tukuna, lokacinta na zuwa. Na ba ta goron Sallah, na ce ta yi kyau, Allah ya maimaita mana.

Gero ya fara nuna lokacin da ta haihu, wata safiyar Talata, namiji, lafiyayye, da manyan kunnuwa irin na ubansa. Uwarta ta ƙetaro don ta yi mata wankan jego. Da na ji kukan yaron sai na zaga bayan rumbu na yi nawa kukan, na farko tun ranar gona. Na ce alhamdu lillahi, dabarata ta yi. Har wani girman kai na ji, ni Rediyo na riƙe magana wata uku na ceci rai.

Kwana uku da haihuwa na je wurin Liman bayan azahar, don in shirya maganar suna, in kuma nemi shawarar yadda za a sanar bayan arba'in. Tsoho ne mai sanyin magana, tare muka yi karatun allo da ƙanensa. Na kwashe komai na faɗa masa. Ya yi salati, ya yi wa Manu addu'a, sannan ya dube ni.

"Garba, wace takaba kake magana?"

"Ta Kulu mana, Malam. In ta gama wanka sai ta shiga."

"Takaba ba daga ran da anka ji labari take hwarawa ba, daga ran da miji yac cika ta. Kuma mai ciki, iddarta haihuwa ta. Ran Talata da yaron ga yaf faɗo, takabar Kulu ta ƙare."

"To a sake mata lissahi, Malam. Ba ta sani ba, ni na ɓoye."

"Ba ni da wannan iko, kai ma ba ka da shi. Ita babu laihi gare ta. Amma lokacin ya wuce, kuma ba a rama shi. Tashi ka tai ka hwaɗa masu yau, kada a raɗa ma yaro suna bisa ƙarya."

Ban san yadda na iso gida ba. Na tarar da su a ɗakin mai jego, Inna tana riƙe da jaririn, uwar Kulu tana dama kunun kanwa. Na tsaya a bakin ƙofa inda ban taɓa tsayawa ba, na ce ina da magana. Na faɗe ta a tsaye, ban yi kwana-kwana ba, don na san in na zauna ba zan iya ba. Uwar Kulu ta saki ludayi ta ɗora hannu a ka. Inna ba ta ko motsa ba. Ita ba ta kiran sunana saboda ni ne ɗan fari, Babba take ce mini.

"Babba, ni na sani," ta ce. "Tun ran da kad daina surutu nis san autana ba shi duniya. Na yi ta jiran ka buɗe baki, kai kuma kana ta shan saiwa."

Kulu kuwa ba ta yi ihu ba. Ta ɗago kai ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidan nan.

"Yaushe?"

"Da ruwan hwarko."

"Kai kuma yaushe kaj ji?"

"Kahin azumi."

Na ga tana ƙirgawa da yatsu a kan zane. Sauran jan lallen yana nan a bakin farcenta.

"Ran da nis sa lalle na Salla, shina cikin ƙasa?"

"Shina ciki."

"Kac ce mani na yi kyau."

 Ta ce to, ba komai, gobe za ta cire 'yan kunne ta shiga takaba, wanka da takaba ai ba sa hana juna. A nan ne dole na faɗi na biyun, abin da Liman ya ce. Wallahi faɗin mutuwar ya fi mini sauƙi. Sai ta yi magana a hankali, ba ta ko ɗaga murya ba.

"Kowace mace garin ga da mijinta yam mutu ta zauna mai. Ko wanda bai san darajar matatai ba an zauna mai. Ƙanenka bai samu likkahwani ba, bai samu kabarin da za a nuna ma ɗiyanai ba. Abu guda yar rage da ni kaɗai ka iya yi mai, Yaya, shi kuma ka ɗauke."

Na ce don yaron na yi, na tuna mata da asibiti. Ta ce ta sani, kuma wataƙila da na faɗa da cikin ya zube, wataƙila kuma da bai zube ba, Allah kaɗai ya san wannan. Amma mijinta ne, ita ya kamata a bari ta ɗauki kayanta.

Aka yi zaman makoki kwana uku, ranar ta huɗu aka raɗa suna, masu ta'aziyya da masu barka a tabarma ɗaya. Aka mayar wa yaro da sunan ubansa, Usmanu, mata suka riƙa kiran sa Audi kamar yadda ake kiran wanda bai tarar da mahaifinsa ba. Da ta yi arba'in ta nemi tafiya gida da ɗanta. Dangi suka taso mini, wai kada in bari jinin Manu ya tashi a wata ƙasa. Na ce wanda ya isa ya hana ta, ni dai na riga na karɓe mata abu ɗaya, ba zan ƙara na biyu ba. Ni na ɗauko motar da ta kai su bakin iyaka. Wannan ita ce tafiyar da aka ce muku butulci ne.

Ba a yi mako biyu ba labari ya iso mini cewa Kulu ta shiga ɗaki a gidan ubanta. Ta cire 'yan kunne, ta bar kwalli da turare, ta ɗaura wani tsohon zane, ta ce sai ta cika wata huɗu da kwana goma. Malaman garinsu suka ce mata wannan ba takaba ba ce, shari'a ta sauke mata. Ta ce ta ji, ba ta kira shi da kowane suna ba, ado ne dai ba ta so, kuma ba wanda zai yi mata dole. Abin da ya fi damuna shi ne babu mai zuwa gaishe ta. Mai takaba ana zuwa mata sannu, ana kai mata ɗan abin hannu. Ita kuwa tana zaune ita kaɗai, mutane suna cewa taɓuwa ce ta same ta.

Sai na mayar da shi aikina. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci in hau babur, in ɗaure busasshen kifi ko 'yar shinkafa a baya, in bi hanyar daji in ƙetara. In yi sallama a zauren ubanta, a shiga da ni har bakin zanan da ya kare ɗakinta, in durƙusa in ce, Kulu, ya haƙuri? Ba ta amsawa. Ina jin motsin yaron, wani lokaci ina jin tarinta, amma ko uhum. In ɗan jima a durƙushe in tashi in kamo hanya, ina tunanin ko mako mai zuwa za a ce kada a sake bari na shigo. Uwarku ta ce ina zubar da girmana. Na ce girman da ya rage mini ai bai kai a tsaya tattara shi ba.

A Juma'ar ƙarshe, saura kwana biyu ta cika, na durƙusa na yi gaisuwata kamar kullum. Har na dafa ƙasa zan miƙe sai na ji muryarta daga bayan zana.

"Yaya."

"Na'am, Kulu."

"Da sunka sa shi cikin ramin, sun juya huskatai gabas?"

Ban tambayi Ɗanjumma wannan ba. Ranar da ya zo gona hankalina yana kan abin da zan ɓoye, ban tsaya neman abin da za a tambaye ni ba. Amsar da za ta sanyaya mata rai tana kan harshena, kalma ɗaya ce, kuma babu wanda zai taɓa ƙaryata ni. Musulmi huɗu da suka yi masa salla, ai da wuya su manta da alƙibla.  Na daɗe a durƙushe har uwarta ta leƙo ta ga ko lafiya.

"Ban sani ba, Kulu," na ce. "Ban tambaya ba."

 Sannan na ji an ja zanan gefe. Tana zaune a kan tabarma da yaron a cinya, ta rame, idonta fari fat babu kwalli.

"Shigo ka sha ruwa, Yaya," ta ce. "Ka sha hanya."